Wai Turawa ne ke goge mana hotuna a Wikipedia?

'Yan uwana ɗalibai, na Yelwa da na Gubi, na Gwallameji da Wuntin Dada, har da masu leƙo ni daga Gaɗau, Kano da Samaru. Rubutun yau dogo ne, wanda datarsa ke numfashin ƙarshe ya adana sai ya samu ta aro. Na kuma san akwai waɗanda ba zai yi wa daɗi ba, ciki har da mutanen da muke haɗa kuɗin masa tare da safe. A yi haƙuri, tura ce ta kai bango.

Kwana uku kenan ana cacar baki a wani zauren WhatsApp da nake ciki, na ɗalibai masu rubutu a Wikipedia ta Hausa. Wani ɗan uwanmu ya kwana yana ɗora hotuna a Commons, wato rumbun da Wikipedia ke ɗebo hotunanta. Sama da 40 ya ɗora: giwayen Yankari, ruwan Wikki, hawan sallah, wasu malamai, wasu 'yan fim. Ba a yi kwana goma ba aka share duka sai guda 3. Nan fa zaure ya ɗau zafi. Wannan ya ce wariya ce, wancan ya ce dama Turawan nan ba sa son a ga Arewa da kyau, wani ma har ya kawo shawarar mu ƙaurace musu gaba ɗaya. Ni dai tambaya ɗaya na yi masa: a cikin arba'in ɗin nan, nawa ka ɗauka da hannunka? Ya yi shiru kusan awa guda, can sai ga amsa: ukun da aka bari.

To ina wariyar take, jama'a?

Kafin wani ya ce laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani, bari in fara da nawan.

Bara aka yi mana horo na kwana biyu a wani ɗakin taro a cikin gari. Aka koya mana buɗe akawun, rubuta muƙala, ɗora hoto. A ƙarshe aka ce akwai gasa, wanda ya fi kowa yawan aiki zai samu waya, na biyu da na uku kuma data. Wayata a lokacin fuskarta ta daddare kamar ƙasar fadama da bazara, don haka na ce wayar nan tawa ce in sha Allah. Ina neman hoton hawan sallar Bauchi sai na ci karo da wani a Facebook. Kai, hoto ne! Mahaya sun taso a guje, ƙura ta tashi, rana ta bugi kayan dokin da ke gaba. Na sauke shi, na ga sunan wani shago a ƙasa ta gefen dama, na datse wurin, na ɗora. Da aka tambaye ni ko aikina ne, na danna eh, zuciyata ko ɗar.

Aka manna wa hoton alama, aka aiko min saƙo da Turanci wai in kawo shaidar izini cikin kwana bakwai. Ban kula ba, aka goge. Na yi fushi, na faɗi duk irin maganar da ake faɗa a zauren nan yanzu. Ashe ba a gama ba.

Mai hoton dattijo ne a unguwarmu, shi ya ɗauke ni fasfo lokacin da zan cike JAMB. Ni ko karanta sunan shagon ban tsaya yi ba da na datse. Wani jikansa da muka yi horon tare ne ya nuna masa kafin a goge. Ranar ina wucewa ta ƙofar shagon ya yafito ni.

"Yaro, zo nan. Kai ne ka ɗauki hoton dokin nan?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ai ba sayarwa na yi ba. Don a ga garinmu ne a duniya."

Ya ce, "Madalla. To garin ne ya ce ka yanke sunana? Tun bayan asuba nake tsaye a wurin nan. Doki ya kusa take ni, gilashin kyamarata ya sha ƙura sai da na kai shi gyara Jos. Kai kana ina a lokacin?"

Ina gida ina cin tuwon sallah. Abin da ban iya faɗa masa ba kenan.

Tun ranar na zauna na karanta abin da nake dannawa ba karatu, kuma shi nake so in fayyace muku, don na lura a cikinmu kaɗan ne suka san me suke sa hannu a kai.

Wikipedia, tun da aka buɗe ta ranar 15 ga Janairu 2001, a kan alƙawari ɗaya take tsaye: duk abin da ke cikinta kowa na iya ɗauka ya yi amfani da shi. Commons ta zo a Satumba 2004, yau tana ɗauke da fayiloli sama da miliyan 100, duk a kan wannan alƙawarin. Lasisin da aka fi amfani da shi sunansa CC BY-SA, na ƙungiyar Creative Commons wadda ta fitar da lasisinta na farko a Disamba 2002. Duk jimlar da ka rubuta a Wikipedia a ƙarƙashinsa take shiga. Ga ma'anarsa da Hausar kasuwar Wunti: na yarda duk wani mahaluki a duniya ya kwafi aikin nan, ya sauya shi, ya buga shi a littafi, a kalanda, a jikin riga, ya sayar ya ci ribarsa, ba sai ya tambaye ni ba. Sharaɗina kawai ya ambaci sunana, ya faɗa in ya taɓa wani abu a ciki, kuma duk abin da ya ƙera daga aikin ya sake shi a kan irin wannan sharaɗin. Sannan ba a janyewa. Ko gobe ka yi nadama ka roƙa a cire, wanda ya riga ya ɗauka ya ɗauka, kuma yana kan gaskiyarsa.

Mu da muka zauna gaban malaman zaure wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Waƙafi ne. Ka haƙa rijiya ka ce ta al'umma ce, ba ka dawowa baɗi ka kafa mata ƙyaure ka ce ka fasa. Kuma ko yaron da ya fara littafi jiya ya san sharaɗin farko na waƙafi: sai abin da ka mallaka. Ba a waƙafi da gonar maƙwabci. Abin da na yi wa Baba mai hoto kenan. Na ɗauki gonarsa na yi wa duniya kyauta da ita har abada, na kuma kafa allo da sunana a bakin gonar. Da wani kamfani a Legas ko Dubai ya ɗauki hoton ya buga kalandar sallah, da sunana zai rubuta a ƙasa, Baba kuma ko sisi. Wanda ya goge hoton, ko Bature ne ko ɗan Indiya ko ɗan Enugu, haƙƙin dattijon unguwarmu ya ƙwato daga hannuna, ni ɗan unguwar.

Kuma fa a daina cewa dokar Turawa ce. Dokarmu ce. Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris 2023, ta maye gurbin ta 1988, akwai kuma hukuma sukutum da ke kula da ita. A dokar, ba sai ka yi rajista ba, da ka ɗauki hoto ko ka rubuta abu haƙƙin ya tabbata. Hoto yana da kariya ta shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Rubutu kuwa, duk tsawon ran marubucin, sannan a ƙara shekara 70 bayan rasuwarsa. Ku lissafa da 'yan garin nan. Malam Sa'adu Zungur, wanda jami'ar jiha ke ɗauke da sunansa yanzu, ya rasu a 1958, don haka a dokar Najeriya sai 1 ga Janairu 2029 rubuce-rubucensa za su zama na kowa. Sir Abubakar Tafawa Balewa, da ke kwance a nan cikin gari, an kashe shi a Janairu 1966, ke nan littafinsa Shaihu Umar sai 2037. Abubakar Imam ya rasu a 1981, Magana Jari Ce sai 2052, lokacin da yawancinmu mun yi furfura. Tsufan abu ba ya nufin ba shi da mai shi. Magada suna nan.

"Ai a Google na gani." Wannan ita ce hujjar da ta fi yawa, ita ce kuma ta fi ban dariya. Ka je Muda Lawal ka ga buhunan masara a fili ba kowa a kai, sai ka saɓa ɗaya ka ce ai a hanya ka gani? Google ɗan nuni ne, yana nuna maka inda kaya suke, ba shi ya mallaka ba balle ya ba ka. Haka abin da aka turo maka a WhatsApp. Don ya ratsa wayoyi dubu kafin ya iso taka, bai zama tsintuwa ba.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce ta "hotona ne, ga fuskata nan a ciki." Wani abokina ya kusa cin kwalata a kan wannan. An goge masa hoton da aka ɗauke shi ranar rantsar da sababbin ɗalibai, yana ta faɗa wai ta yaya za a ce fuskarsa ba tasa ba ce. Fuskar taka ce malam, hoton ne ba naka ba. Haƙƙin yana wurin wanda ya saita ya danna, sai in kun yi yarjejeniya ya sallama maka. Kuɗin da ka biya na wanki ne, takardar ka saya. Kuma don ku ga yadda mutanen nan suka ɗauki maganar wa ya danna da gaske, ga labarin biri. A 2011 wani mai ɗaukar hoto ɗan Ingila, David Slater, ya je dajin Indunusiya, wani biri ya danna kyamararsa ya ɗauki kansa yana washe baki. Hoton ya shiga Commons. Slater ya ce a cire, nasa ne, shi ya kai kyamarar, shi ya sha wahalar daji. A 2014 Wikimedia ta ƙi, ta ce ba shi ya danna ba, biri kuma ba ya mallakar haƙƙi, don haka hoton na kowa ne. Har kotu maganar ta kai a Amurka, a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dabba ba ta da hurumin kai ƙara a kan haƙƙin mallaka. Ni a raina ina ganin an ɗan matsa wa mutumin, amma wannan zance ne na daban. Abin lura shi ne Bature ne, da kyamararsa, da lauyoyinsa, aka tsaya masa a kan tambayar da ake yi mana mu ma: wa ya danna? Haka a 2009 gidan adana hotuna na ƙasa da ke Landan ya yi barazanar maka wani mai aikin sa kai a kotu saboda ya kwaso hotunan tsofaffin zane-zane sama da 3,000 ya zuba a Commons. Wikimedia ta tsaya a bayansa, don masu zanen sun mutu tun tuni, wa'adin haƙƙinsu ya ƙare. Mutanen da suka ja da Landan su ne za su zauna suna ƙulla wa Bauchi makirci?

Kuma kar ku ɗauka duba suke yi ko tsafi. Hoton da kyamara ta ɗauka yana tafe da bayanai a cikinsa, irin na'urar, rana da lokaci. Wanda ya bi ta Facebook an matse shi, an kankare waɗancan bayanan, an kuma bar masa wata alama tasu a ciki. Ga Google Lens, ga TinEye, cikin minti ɗaya za a ga hoton da ka ce jiya ka ɗauka yana shafin wata jarida tun shekara huɗu da suka wuce. Mutum ɗaya kuma a dare ɗaya ya ɗauki giwa a Yankari, ya ɗauki jaruma a Kano, ya ɗauki malamin da ya rasu kafin a haife shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Akwai masu gaskiya-gaskiya, waɗanda suka ce sun tambayi mai hoton ya ce ba komai, a yi amfani da shi. Na yarda sun tambaya. Amma me suka tambaya? "Yaya, in sa hotonka a Wikipedia?" Wa zai ce a'a? Ka gaya masa cewa wani na iya bugawa ya sayar? Ka gaya masa ba a janyewa? In ba ka gaya masa ba, izinin da ya ba ka na wani abu ne daban, ba na abin da ka danna ba. Shi ya sa Commons ba ta karɓar "don Wikipedia kawai", ba ta karɓar "ban da kasuwanci", ba ta karɓar "kar a sauya". Shi ya sa kuma ba sa yarda da "ya ce min". Mai hoton ne da kansa zai aika imel ga kwamitin masu sa kai da ke tantance izini, ya faɗi hoton, ya faɗi lasisin da ya zaɓa, su ba shi lamba a manna a shafin hoton. Ko kuma, wanda ya fi sauƙi, ya buɗe akawun ɗinsa ya ɗora da hannunsa, ko ya rubuta lasisin a ƙarƙashin hoton a shafinsa na asali inda kowa zai gani.

Sai kuma masu jawo addini. Wani ya rubuta a zauren cewa ilimi na Allah ne, ba mai mallakarsa, ɓoye shi ma haramun ne. Ni ba malami ba ne, injiniyanci nake karanta. Amma na san majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta su. Ko ba wannan ba, mu ne fa al'ummar isnadi. Mu ne muke cewa wane ya ji daga wane. Malamanmu suna ganin jingina magana ga mai ita yana cikin albarkar ilimi. Ta ina aka bi aka samo halaccin datse sunan mutum ka sa naka? Kuma dokar ma ba ta hana ka ilimin ba. Cewa an kafa garin Bauchi a zamanin Sarki Yakubu na farko, almajirin Shehu Usmanu, ba mallakin kowa ba ne, rubuta shi sau dubu. Abin da aka hana shi ne ka kwashe jimlolin wani yadda ya jera su.

Wanda ya kawo ni kan rubutu, inda ɓarnar ta fi yawa kuma ba a cika kamawa ba, don masu sintiri da ke jin Hausa kaɗan ne. Mu faɗa wa juna gaskiya. Sau nawa ka buɗe muƙala a Wikipedia ta Hausa ka ji tana ƙamshin BBC Hausa ko Aminiya, har da "wakilinmu ya ruwaito" ba a cire ba? Na taɓa ganin wadda aka kwaso daga furojet ɗin wani, har da godiya ga sufabaiza. Wannan ɗan jaridar da ya hau mota ya je ya yi hira, albashinsa daga rubutun nan yake fitowa. Fassara ma ba mafaka ba ce. Ka ɗauki littafin wani na Turanci ka mayar Hausa ka ɗora, har yanzu aikinsa ne ka juya, sai da izininsa. Daga Wikipedia ta Turanci kam an yarda ka fassara, don lasisinsu ɗaya da namu, amma ko nan sai ka faɗi muƙalar da ka ɗauko. Mu kuma da muke kwasar Wikipedia muna zubawa a asamen da furojet ba ambato, mu sani sharaɗin ambaton nan ya hau kanmu. Mun saba da kwafa da liƙawa tun aji ɗaya, hannu ya riga ya faɗa, shi ya sa muka kai halin can.

Akwai wata da ba ta haƙƙin mallaka ba ce kai tsaye, amma ita ta fi ci min rai. Wani ya je bikin 'yar uwarsa, ranar kamu ya ɗauki ƙawayen amarya da wayarsa. Hoton nasa ne, ba gardama. Ya ɗora a matsayin kwalliyar matan Hausa don gasa. Ɗaya daga cikin 'yan matan 'yar ajinmu ce, ba ta sani ba sai da wani ya turo mata. Ta same shi ta ce, "Haba Yaya wane, a cikin gida fa muke, ko mayafi babu a jikina. Wa ka tambaya?" Ya ce zai cire. Ya nema, aka cire, don Commons ma tana da ƙa'ida a kan hoton mutum da aka ɗauka a keɓantaccen wuri ba da yardarsa ba. Amma sati nawa ya yi a can? Wa ya sauke? Ba wanda zai iya faɗa mata. Yarinyar da ake maganar aurenta. Dan Allah, in za ka ɗauki fuskar mutum, musamman ƙannenmu mata da yara, ka gaya masa inda za ta je, ka gaya masa kuma ba ta dawowa.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zan ce tsarin nan ya yi mana adalci ta ko'ina ba. Takardar izinin da Turanci take, Turancin ma na lauyoyi. Dattijon da ya shekara 40 yana ɗaukar hoto a garin nan ba shi da imel, lambar waya kawai ya sani. Akwai hotunan kakanninmu a cikin akwatuna, ba wanda ya san wa ya ɗauka ko yaushe, ga shi Commons sai ta duba dokar ƙasarmu ta kuma duba ta Amurka, don a can gidauniyar take. Saƙonnin gargaɗin nan ma a bushe suke zuwa, ba sallama ba sannu, sabon shiga ya gani ya ji kamar an kore shi. Duk gaskiya ne. Amma maganin wannan mu samu namu mutanen a cikin masu tantancewa, mu fassara takardun zuwa Hausa, mu zauna da dattawa mu yi musu bayani. Ƙarya ba ta cikin maganin. Duk hoton sata ɗaya da aka kama, sai an ƙara zargin na gaskiya goma da ke zuwa daga wajenmu. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa.

In kuma faɗa muke so, ga inda ya kamata mu kai shi. A dokar Amurka, duk abin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya samar a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka, na jama'a ne tun ranar farko. Shi ya sa hotunan da ma'aikatan gwamnatinsu suka ɗauki Tafawa Balewa lokacin da ya ziyarci Shugaba Kennedy a Yuli 1961 kowa na iya amfani da su yau ba tambaya. Shi ya sa ma abin da Muryar Amurka ta samar da kanta ake iya ɗauka, ban da hotunan da ta saya daga kamfanonin dillancin labarai. Mu kuwa a nan aikin gwamnati sai ya shekara 50 a kulle, alhali da kuɗin talaka aka biya mai kyamarar. Ku duba abin kunya: ɗan Bauchi, Firayim Ministan Najeriya, amma hotonsa da ya fi sauƙin amfani ba fargaba sai an je Washinton. A 2008 ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Jamus ta saki dubun-dubatar hotuna ga Commons a kan irin lasisin nan. Me zai hana ƙungiyoyinmu na ɗalibai su rubuta wa ma'aikatun yaɗa labarai da na al'adu, da masarautu, da jami'o'inmu, su roƙa a saki ko da hoto ɗari-ɗari ne? Takarda ɗaya ce da sa hannu. Wannan ya fi mana kwana uku muna zagin wani ɗan sa kai da ba mu san ko a wace ƙasa yake ba.

Masu shirya horo da gasa, ku ma da naku kason. Awa shida kuna koya mana inda ake dannawa, minti biyar a kan lasisi, shi ma lokacin an fara raba abinci hankalin kowa ya tafi. Sannan ku ce wanda ya fi yawa shi ya ci. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki, ka nuna masa waya ka ce yawa ake so, me kake jira ya kawo maka? Ku riƙa ƙirga abin da ya rayu bayan wata guda, ba abin da aka jibga a daren ƙarshe ba. Wanda aka kama da kayan wani a cire shi, ko ɗan gidan wa ye.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ba rashin abin ɗauka muke ba. Wayar da ke hannunka ta ishe ka. Masar Bauchi da ake yi wa kirari har Legas, ka je ka duba hotunanta nawa ne masu kyau a Commons. Tandar da ake suya, hannun mai juyawa, in ta yarda. Masu jima, maƙera, masu ɗinkin hula, duwatsun da suka kewaye gari, madatsar Gubi da yamma, abin da ya saura na ganuwa kafin a gama cinye shi da gini. Gasar Wiki Loves Africa tun 2014 ake yin ta, kuma da abinci ma aka fara. Ukun nan da aka bar wa ɗan uwanmu, ɗaya hoton mai shayi ne a bakin geti, ya ɗan karkace, hasken ma ba wani ba. Yana nan daram, da sunansa a ƙasa, ba mai taɓa shi.

Baba mai hoto kuwa, bayan sallar layya na koma wurinsa da jikan nasa. Muka zauna a kan bencin shagon na karanta masa sharaɗin da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, ban ɓoye masa maganar sayarwa ba. Ya yi shiru, ya ce, "Wato ko na mutu sunana na nan a jiki?" Na ce, "Yana nan, Baba, in dai sun bi ƙa'ida." Ya ce na dokin nan ba zai bayar ba, yana da masu saye duk shekara. Amma ya jawo wata tsohuwar jaka ya zaɓo guda shida na kasuwa da na wasu 'yan tauri, ya ce waɗannan ya bar wa jama'a. Jikan ya buɗe masa imel, muka aika. Amsar farko da ta dawo tambaya ce, wai ya tabbatar shi ya ɗauka ba wani yaron shagonsa ba. Da aka fassara masa sai ya yi dariya ya ce ashe mutanen nan sun san aikin, ya kuma cire ɗaya daga cikin shidan, ya ce wannan kam yaronsa ne ya ɗauka, kuma yaron ya koma Gombe, sai an nemo lambarsa.

Asabar mai zuwa ƙarfe bakwai na safe muna haɗuwa a Wunti, mu biyar ne zuwa yanzu. Wanda zai zo ya cajo wayarsa tun dare, ya kuma taho da kuɗin masarsa, don mai masar ta ce ba za a ɗauki tandarta a tafi haka nan ba.